Na Ce wa Alhaji Ki Tafi

Ƙofar Sauri, Katsina
Yuli, 1999

Zuwa ga Fadila, sanyin idona, ruwan farkon damina da ƙasa ke buɗe baki ta sha, inuwar darbejiya ga wanda rana ta dake shi tun hantsi.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya mutanen gida, ya Hajiya da jiki, ya fama da karatu? Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun nan. 

Jiya bayan la'asar Alhaji Babaji ya aika aka kira ni Ƙofar Ƙwaya. Na shiga zaure ina zaton maganar ranar bikinmu ce. Sai mahaifinki ya gaya mini jami'ar nan ta Ingila ta ba ki gurbin digiri na biyu, shekara biyu, ki ci gaba da bincikenki kan yadda babba ke koyon harshen da ba na uwarsa ba. Ya ce, "Sagir, na riga na ba ka ita. In ka ce ta tafi, ta tafi. In ka ce ta zauna, ba mai jin bakina." Wallahi Fadila, da tudun Dutsin Safe ya ɗora mini a ka, da ya fi mini sauƙi.

Kin san ni matsoraci ne, ke kika fi kowa sani. Kin tuna bara, sojoji na kan mulki, ranar da kika zo Babbar Kasuwa da ƙaramar rikodarki? Kina zaune a bakin shagona kina ɗaukar muryar maƙwabcina Nathaniel, teburin ɗinki a gabansa, yana ba ki labarin yadda ya taso daga kudancin Kaduna da Hausar da ba ta wuce ta gaisuwa ba, har ya zama yana ciniki da Katsinanci. Sai ga jami'an tsaro biyu cikin farin kaya suna bin rumfa rumfa, suna tambayar 'yar jaridar da aka ce tana naɗar maganar mutane. Na fizge rikodar na cusa ƙarƙashin bandir ɗin atamfa. Na rantse musu ke mai sayen kayan lefe ce. Ke kuwa kina ta ɗaga zane kina duba launi. Da suka wuce muka tarar ashe kaset bai daina juyawa ba. Kika kunna, muka ji muryata tana rawa tana sarƙewa, kika yi dariya har da hawaye, sannan kika dube ni kika daina dariyar. Tun daga wannan kallon ban sake mallakar zuciyata ba.

To wannan muryar ce ke miki magana yau, kuma rawar da take yi ta fi ta ranar.

Ina tsoro, farin watana. Kowa na murna an koma mulkin farar hula, an ce hanyoyin karatu da suka toshe sun buɗe. Ni kuwa Kawu Idi nake tunawa. A wancan mulkin farar hular aka tura shi karatu waje, muka raka shi tasha da addu'a. Yana can sojoji suka dawo, tallafinsa ya yanke, ya koma wanke kwanoni a ƙasar mutane, bai samu dawowa ba sai bayan an rufe mahaifiyarsa. Mulkin nan bai ko yi ƙwari ba. Wa zai ba ni tabbacin ba zan kunna rediyo wata safiya in ji kiɗan soja ba, ke kina bayan teku? Wa zan kama? Wace ƙofa zan buga?

Akwai kuma tsoron da ya fi wannan, wanda nake jin kunyar faɗa. Ke kika gaya mini cewa harshen da mutum ya daina amfani da shi yakan rame a bakinsa, kalmomi su riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya bai sani ba. Tun ranar maganar ta zauna mini a ƙirji. Idan harshen da aka sha a nono yana ramewa, ina ga sunan wani mai shagon yadi? Za ki zauna da farfesoshi, mutanen da suka karanta abin da ko sunansa ban iya faɗa ba. Idan kin dawo na ce miki "ina tahiya", na ce "hwaɗa mani", za ki ji muryar masoyinki ne, ko misali za ki ji, irin wanda ake rubutawa a allo ana ja masa layi? Wayyo Fadila, wannan tambayar ta hana ni cin abinci.

Kalma ɗaya ce tsakanina da kwanciyar hankali. In ce a'a. Ba wanda zai zarge ni, wasu ma yaba mini za su yi. Na ɗauke ta a bakina yau da safe, na kama hanyar Ƙofar Ƙwaya ana yayyafi. A hanya na riƙa hango ki a gidana bayan shekaru, kina shara, kina girki, kina gaishe ni da ladabi, kasetocinki suna cikin kwali a bayan gado ƙura ta rufe su. Na ga idon nan naki da ke haske idan wani ya faɗi kalma a karkace kika gano dalilin karkacewar, na gan shi ya dushe kamar garwashin da aka yayyafa wa ruwa. Na ga ba za ki taɓa yi mini gori ba. A nan na tsaya cak a bakin ganuwa, don na gane wannan ya fi soja da teku ba ni tsoro.

Na shiga, na durƙusa, na ce wa Alhaji ki tafi. Ya dafa kaina.

Kada ki zaci tsoron ya tafi. Yana nan, ya shimfiɗa tabarma a ƙirjina. Don haka nake roƙon ki, ya ƙamshin ƙasa bayan ruwa, ki yarda a ɗaura mana aure kafin ki hau jirgi, biki ya jira dawowarki. Ba don in ɗaure ƙafarki ba. Don idan wani abu ya faru, in sami bakin shiga kowane ofis in ce matata nake nema, a saurare ni. In kuma kin ga a bari sai kin dawo, ki faɗa mini ba kunya. Maganar da na ba Alhaji ba ta da sharaɗi, ba kuma zan janye ta ba.

Ki je ki karanta duk abin da suke da shi, ki tambaye su har su gaji. Ni ina Katsina. Ko shekara biyun ta zama goma, ko furfura ta riga ki isowa, babu wata da za ta ji daga bakina abin da na faɗa miki. Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki, Ya ba ni ƙarfin tsayawa a tasha ban riƙe gefen mayafinki ba.

Naki, yau da ranar da za a ɗauke ni,
Sagir