Na Hana 'Yan Mata Cewa Da Sauƙi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki amsa sallamar nan ba, takardar ma ba za ki karanta ba. Ko kina raye ai ni za ki miƙo wa in karanta miki. To amma bakina ƙaiƙayi yake yi, kuma babu wadda nake son yi wa albishir sai ke.

Hanne ta sauka lafiya! Hannenki, wadda kika bar min tana firamare. Kin zama kaka, Yaya. Sai dai ki yi haƙuri in faro daga baya, kin san ni ban iya gajeren labari ba.

Kin tuna ranar da na raka ki asibitin Malumfashi, bayan an gama ɗibar auduga? Kwana da kwanaki kanki yana sarawa, jiri yana ɗibar ki, har kin faɗi sau biyu a bakin murhu. Likita ya tambaye ki yaya jiki, kika gyara lulluɓi kika ce da sauƙi. Ya sake tambaya, kika ce ɗan ciwon kai ne kawai. Ni kuwa ina tsaye ƙerere, na san komai, ban ce uffan ba, wai ƙanwa ba ta ƙaryata yayarta gaban baƙo. Ya ba ki magani ya ce ki dawo, kika ce ba za ki je ki dami mutane ba. Nan ma na yi shiru. Na san kwana ne ya ƙare, Yaya, amma shirun nan ya daɗe yana ci na. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ki yafe min.

Shi ya sa na fara tara 'yan matan unguwa a gindin mangwaron ƙofar gida, duk Juma'a bayan la'asar, har da 'ya'yan maƙwabtanmu Maguzawa na tsallaken rafi. Da kin gan ni da kin yi dariya har da hawaye. In kifa turmi in zauna, in ɗaura farin kallabi, in rataya igiyar guga a wuya, wai ni ce malamar asibiti. Yarinya ta zo in tambaye ta yaya jiki. Duk wadda ta ce da sauƙi, surfen masara ya hau kanta. Wallahi watan farko ban taɓa taɓarya ba, a banza aka yi min surfena duka! Bakinsu ya saba, kafin su yi tunani maganar ta fita. A hankali suka koya: ina ne ke ciwo, tun yaushe, me aka sha, ko jiƙo ne ko ƙwayar kemis, a faɗa ba ɓoye-ɓoye.

Daga nan na kwashe su muka tafi ƙaramin asibitin Dayi, kowacce lafiyarta ƙalau. Malamar da muka tarar, Allah ya yi mata albarka, ta zaga da su ɗaki-ɗaki. Ta nuna musu inda ake yankar kati, da ɗakin gwajin jini, ta faɗa musu ranar awo da ranar rigakafi, da irin ciwon da ba a jira da shi sai a wuce babban asibiti. Kai, na sha surutu! Tsofaffi suka ce ina yi wa 'ya'yan mutane fatan ciwo, wa ya taɓa zuwa asibiti yawon buɗe ido? Na toshe kunnena. Yanzu har samari 'yan acaba suna zuwa su rakuɓe a gefe, wai inuwa suke sha, alhali kunnensu yana wurinmu.

Duk da haka Hanne ce fargabata. Halinki ta ɗauko kaf, ko ƙaya ta taka sai ta yi murmushi. Da aka kai ta ɗakin mijinta a Mahuta ta samu ciki, na kasa sukuni. Cikin fari, ga kunya, ga gidan surukai. Wa za ta buɗe baki ta faɗa wa?

Ashe ni ce ban san ta ba. Ciki na wata takwas ta tashi da ciwon kai, ƙafafu sun kumbura, tana gani dishi-dishi. Ba ta jira kowa ya lura ba. Ta ɗauki katinta, ta sa mijin ya fito da babur, ta je ta zayyana wa malamar awo komai tiryan-tiryan. Surukarta da ta biyo su ta ce min kamar ta nutse don kunya, mai cikin fari tana zuba kamar dillaliya. Aka auna, jini ya hau sosai. Nan take aka tura su babban asibiti a Funtuwa, aka ba ta gado, aka yi ta kula da ita har ta haihu. Likitan ya ce da ta ƙara kwanaki a gida, da labarin ya sha bamban. Surukar nan yanzu ita ke turo min 'yan matan gidansu.

Mace ce, Yaya, ƙatuwa, baƙa sitik kamar ke, ga ƙarar murya. An raɗa mata sunanki. Suna nan wurina, Hanne ta zo wankan jego. Hanne ba ta iya faɗa, Ummi take ce mata. Ni fa? Tun da na yi wayo ban taɓa kiran sunanki gatsau ba, yanzu kuwa daga safe zuwa yamma Dije nake kira, har maƙwabta sun gaji da ni. Jiya ta jiƙa min sabon zane, na kama sunanki na yi ta faɗa, ina faɗan ina dariya, sai ga hawaye. Shekara nawa rabon da a kira Dije a gidan nan wani ya motsa?

Ki huta lafiya, Yaya. Allah ya haskaka makwancinki, ya raya mana takwararki, ya sada mu a Aljanna.

Taki har kullum,
ƙanwarki Lami