Motar da Babu Mushenta a Hanya

Nuhud, ƙasar Sudan
3 ga Nuwamba, 1954

Zuwa ga yayana Malam Isyaku mai fata, Goron Dutse, birnin Kano.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da iyalinka, da Kawu Hambali da ya riƙe ka. Ni ce ƙanwarka Mardiya. Maigidana Malam Salihu ke rubutawa, ni nake faɗa, don haka in ka ji magana ta yi tsauri, tawa ce ba tasa ba.

Yaya, shekara ashirin da biyu ke nan da Baba ya ɗauke ni da Inna zuwa Makka a ƙafa, aka bar ka kana ɗan shekara goma. Ka san ya rasu a nan a hanyar dawowa, mu kuma muka zauna. Duk tsawon lokacin nan Inna ba ta taɓa damun kowa da zancen gida ba, sai bana. Da damina ta faɗi a bakin rijiya, ƙugunta ya goce. Mai ɗori ya yi iya yinsa, amma ba ta sake takawa ba. Idonta ma yana tafiya, ba ta gane mutum sai ya yi magana. Abu biyu take so yanzu: ta ji muryarka, kuma in kwana ya ƙare a rufe ta a Kano kusa da iyayenta.

Manyan motocin da ke zuwa yamma a saman buhuna ake zama, sati uku cikin rana. Mai lafiya ma da kyar yake sauka da ƙafarsa. Ita sai ƙaramar mota da za a shimfiɗa mata katifa a baya, a tsaya in ta ce a tsaya. Alhazan da suka wuce ta nan sun ce Allah ya buɗa maka a Ƙofar Wambai. Hanya a buɗe take daga yanzu har ruwan farko.

Inna tana sa maka albarka. Wassalam.
Ƙanwarka, Mardiya

Goron Dutse, Kano
6 ga Disamba, 1954

Zuwa ga ƙanwata Malama Mardiya, bayan dubun gaisuwa da girmamawa ga Inna, da gaisuwa ga Malam Salihu da yara.

Takardarki ta same ni a rumfa. Na karanta ta sau uku, na rufe rumfa tun kafin azahar, abin da ban taɓa yi ba. Ki gaya wa Inna zan zo da kaina, da mota sabuwa fil, wadda ba wanda ya taɓa wahalar da ita. Tsohuwa ba zan saya ba. Wanda ya sayar da motarsa ya san dalili, kuma ba zai faɗa maka ba.

Washegari na fita waje, wajen kantunan Turawa da ke kusa da tasha. Iri biyu ne mutane suka sani. Akwai ta Amurka, doguwa mai faɗi, direbobi suna ce mata zungureriya. Akwai ta Ingila, gajeriya mai tsayin ƙafa, suna ce mata 'yar akwati. Akawun kantin farko ya rantse mini zungureriya ba ta san gajiya ba. Akawun na biyu ya ce zungureriya mashayiya ce, ta fi raƙumi shan ruwa ta fi shi shan mai, kuma in ta ga yashi sai ta kwanta. Na koma wajen na farko, ya ce 'yar akwati kuwa girgiza za ta warware ɗorin da aka yi wa tsohuwa tun kafin a kai Wudil. Kowa ya san aibin ta maƙwabcinsa, ba wanda ya san na tasa.

Ba ki san halina ba, don kina 'yar shekara huɗu muka rabu. Sana'ata ɗaga fata ne sama in duba ta da hasken rana. Ƙirgi ɗaya in ya yi huji kamar na allura, ni zan gan shi ko da mutum goma sun duba sun ce lafiya. A kasuwa har tsokanata ake yi, wai ko ƙwai zan saya sai na nemi a nuna mini kazar. Na yarda. Amma wannan karon uwata zan ɗauko ta cikin jejin da babu gari sai an yi yini, ba zan sayi abu da ka ba.

Ki ba ni wata guda in bincika. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ya sada mu da alheri.
Yayanki, Isyaku

Nuhud
9 ga Janairu, 1955

Yaya, salamu alaikum, ina gajiya.

Malam Salihu ya karanta wa Inna takardarka. Ta yi dariya wajen zancen ƙwai, ta ce halin Baba ne ka ɗauko, shi ma sai da ya shekara uku yana zaɓen jakin da za a tafi da shi Makka.

Ni ban yi dariya ba. Duk irin da ka lissafa muna ganinsu a nan kullum, zungureriya da 'yar akwati, suna shigowa da ƙura har rufi, an ɗaure musu ƙofa da igiya, amma dai sun iso. Ka sayi ko wacce. Watan da ka nema ya cika tun takardar tana hanya.

A gai da Kawu.
Mardiya

Goron Dutse, Kano
21 ga Fabrairu, 1955

Zuwa ga ƙanwata, bayan gaisuwa da fatan Inna ta samu sauƙi.

Kin yi mini faɗa, na kuma ji. Amma ki saurara, don bincikena bai tafi a banza ba.

Da na ga maganar 'yan kanti ba abin riƙewa ba ce, sai na koma wajen waɗanda suka bi hanyar da idonsu. Duk alhajin da na ji ya dawo ta ƙasa, na je na yi masa barka da sauka, daga Ƙofar Na'isa har Dala. Tambaya ɗaya nake yi: motocin da suka mutu aka bar su a bakin hanya, waɗanne iri ne? Mutum goma sha tara na tambaya. Bakinsu ya zo ɗaya. Daga Fotlami zuwa Abashe a ƙasar Chadi, daga Abashe zuwa wajenku, mushen zungureriya ya fi ashirin, na 'yar akwati ya kai goma sha. Sun ce wasu an kwashe musu komai, sai ƙashi. Ranar da na gama haɗa wannan ko tuwo ban iya ci ba, ina tuna Inna a kwance a cikin ɗayansu.

Ana cikin haka aka buɗe wani sabon kamfani a bayan tasha. Sun kawo wata mota shuɗiya daga wata ƙasar Turai da ban taɓa jin sunanta ba. Bayanta yana buɗewa, katifa tana shiga har da sauran wuri. Injinta in yana aiki sai ka kasa kunne kafin ka ji. Na zagaya ta yini guda, na shiga ƙarƙashinta da babbar rigata, ban ga aibi ba. Na sake bin alhazan nan ɗaya bayan ɗaya na kwatanta musu ita. Ba wanda ya taɓa ganin mushenta a hanya, ko guda.

Direban da na ɗauka, Gwadabe, sau huɗu yana bin hanyar nan, shi ne bai so ba. Ya ce, "Malam, ka sayi wadda mushenta ya fi yawa. In tamu ta lalace a jeji, a jikin 'yar'uwarta za mu ciro abin gyara." Na ce masa ni ba mota nake nema da za a gyara ba, wadda ba ta lalacewa nake nema. Ya ce Allah ya sa albarka. Direbobi haka suke, abin da hannunsu ya saba shi ne kawai daidai. Kawu ya ce shi bai san mota ba, amma ya san wanda ya bi hanya ya fi wanda aka ba labari. Na ce masa ai ni mutum goma sha tara ne suka ba ni.

Wadda ke kantin ta nuni ce, ba ta sayarwa ba. Tawa za ta iso daga Ikko a jirgin ƙasa ƙarshen Maris. Da ta sauka za mu taso. A fara shiri.

Yayanki mai ƙaunarku, Isyaku

Nuhud
2 ga Afrilu, 1955

Yaya, salamu alaikum.

Mun shirya. Inna ta raba tukwanenta, ta ba maƙwabta akuyarta, ta bi mutane da neman gafara, waɗanda ba ta iya zuwa wurinsu an kira mata su. An ɗinka katifa daidai faɗin da ka aiko. Kullum da hantsi sai mun ɗauki Inna mun kai ta zaure, wai don kada ka sha wahalar shigowa da ita. In mota ta wuce takan ɗaga hannu a yi shiru. Na gaya mata taka ba ta da ƙara, ta ce to ta yaya za ta san ka zo.

Allah ya kawo ku lafiya.
Mardiya

Goron Dutse, Kano
12 ga Yuni, 1955

Mardiya, gaisuwa. Ban san yadda zan ce ki gai da Inna ba.

Kin ga daga inda na rubuto. Na fi sati uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Mun tashi ranar goma ga Afrilu. Har Maiduguri, har muka haye ruwa a Fotlami, motar nan ko tari ba ta yi ba. Ina ta tsokanar Gwadabe, shi kuwa idonsa a hanya. Kwana biyu gaba da Fotlami, da rana tsaka, a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba rami ba yashi, sai ta yi shiru ta tsaya. Gwadabe ya buɗe ta ya ciro wani ɗan ƙarfe daga cikin famfon da ke tura mai, bai kai babban yatsana ba, ya rabe biyu.

Taku ɗari daga inda muka tsaya akwai mushen zungureriya. Gaba kaɗan akwai wani. Gwadabe ya kwance nasu ya gwada, bai shiga ba. Wani maƙeri a ƙauyen da ke kusa ya ƙera mana har sau uku, duk suka karye. Kwana tara muna nan, azumi ya kama mu a gindin bishiya. A cikin kwanakin nan na ga zungureriya uku sun lalace a gabana, direbobinsu sun je jikin mushen nan sun ciro abin da suke so, kafin la'asar sun wuce. Kowane makanike ya leƙa tawa sai ya yaba kyanta, ya ce bai taɓa ganin irinta ba. A nan na gane abin da alhazaina goma sha tara suka gaya mini. Ba su ga mushenta ba ne don ba wanda ya taɓa hawa hanyar da ita. Ni ne na farko.

Amma ba wannan ne ya hana ni rubutu ba. Rana ta tara manyan motoci biyu suka tsaya a wurin, ɗaya za ta gabas wajenku, ɗaya za ta Kano. Gwadabe ya riƙe hannun rigata ya ce, "Malam, ka hau ta gabas. Tsohuwa kai take nema, ba mota ba." Na tsaya ina duban kaina, ƙura har gira, zan shiga wurin Inna bayan shekara ashirin da biyu in ce mata na zo hannu sake, bayan ta raba tukwanenta. Kunya ta hana ni. Na ce sati biyu ne, in je kamfani in karɓo ƙarfen in dawo. Na bar motar a hannun mai garin, na hau ta yamma.

Baturen kamfanin ya karɓe ni da mutunci, har kujera ya ba ni. Ya ce wannan ƙarfe ba ya karyewa, shi ya sa ba su ajiye ba. Na ce a cire na motar nuni, ya ce an sayar da ita tuni, tana can Kudu. Ya buga waya ƙasarsu, za a sako a jirgin ruwa, wata uku ko huɗu. Na koma kantin zungureriya in sayi tasu ko ta halin ƙaƙa, direbobi suka ce kada in ɓata ƙafata, ruwa ya sauka a bayan Dikwa, laka ta rufe hanya sai Oktoba. Jirgin sama kuwa alhazai sun cika shi tun kafin azumi.

Ina buɗe rumfa, amma ba na ganin komai. Jiya an sayar mini da fata mai huji uku, sai a gida na lura. Gwadabe yana zuwa gaishe ni, bai taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ni kuwa da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Na cuci Inna, na cuce ki, ba kuma da mugun nufi ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Ki gaya mata abin da kika ga za ta iya ɗauka. In Allah ya kai mu Oktoba zan zo ko a saman buhuna.

Ki yafe mini.
Isyaku

Nuhud
20 ga Yuli, 1955

Yaya, salamu alaikum.

Ban sa an karanta wa Inna takardarka ba, ba kuma sai na yi ba. Zazzaɓi ya kama ta bayan ƙaramar salla, kwana shida ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo sai ta yi hamdala, ta ce ashe tafiyar ba wuya, barci kawai ta yi. A ganinta ka zo ka ɗauke ta, tana Goron Dutse, a ɗakinta na da. Malam Salihu ya ce a bar ta a haka, na bar ta. Abinci cokali biyu take ci. Masu ganinta ba sa zancen Oktoba.

Hankalinta a kwance yake sai abu ɗaya. Ta ce ka sha wahala ka kawo ta gida, ga ɗakinka tsallaken tsakar gida kawai, amma sati biyar ko sau ɗaya ba ka leƙo ka gaishe ta ba. Na ce kasuwa ce ta riƙe ka. Na ce ka shigo tana barci. Ta daina yarda. Jiya ta ce in tambaye ka abin da ta yi maka. Na ce zan tambaya, ga shi na tambaya.

Wassalam.
Mardiya