Taku Goma Sha Biyu Daga Rana

Litinin

Maman Lauya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, ke da yarinya da mutanen gidan duka, har da waɗanda ba sa son jin sunana.

Jiya Mai Kek ta turo babur ɗinta, sarƙa ta tsinke. Ina tsugune ina gyara take ce min, "Baban Lauya, wata da taurarin nan na kek ɗin 'yarka za su ba ni wahala." Na ce wane kek? Ta ce, "Au, ba ka sani ba? Ran Asabar za a yi mata bikin cika shekara biyar. Wai ita sararin samaniya take so, har da kumbo da hular 'yan sama jannati." Na ce na sani mana, mantawa na yi. Na zabga wa matar mutane ƙarya, hannuna dumu-dumu da baƙin mai. Yanzu a bakin mai kek zan riƙa jin labarin 'yata?

Wa ya koya mata kallon sama? Yayanki ne, da ba ya sanin wata ya tsaya sai an faɗa a rediyo? Ni ne nake ɗora ta a wuya da magariba, in nuna mata Zara, tana ja min kunne tana cewa in matsa kusa. Yau wata bakwai ban sa ta a idona ba. Kin rufe lambata a waya, Baba, mahaifinki, ya rufe min ƙofarsa, an bar ni da biro da takarda kamar mutanen da. To, ga takardar.

Mai Kek ta nuna min hoton kwalin da kuka sayo za ku manna a bango. Duniyoyi takwas an jera su kamar ƙwai a faranti, duk girmansu ɗaya, rana kuma an ƙwama mata tabarau tana washe baki. Wannan ai zalunci ne. Don Allah kada a manna wa 'yata ƙarya a bango ranar haihuwarta.

Ba roƙon shiga gidanku nake yi ba. Ki bar ni kawai in yi mata sama ta gaskiya, na san yadda zan yi. Ki ba Mai Kek amsa, gobe za ta dawo a ɗaure mata birki.

A shafa min kan yarinya, in an yarda.

Baban Lauya

Talata

Baban Lauya,

Amin, wa alaikas salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Da fatan aiki na tafiya daidai.

Takardarka ta iso da tabon mai a gefe. Lauya ta shinshina ta ce warin Babana. Na ce daga wurin Mai Kek ta fito. Ta ce kek ba ya warin gareji. Ka dai san 'yarka, ba banza ka sa mata wannan suna ba.

Ba wanda ya ɓoye maka biki, kai ka ɓoye kanka. Tunda ka iya mantuwa, bari in tuna maka. Baba ya ce a gaban baƙinsa rana ce ke zagaya duniya, ka ce a'a, duniya ce ke zagaya rana. Da nan ka tsaya, da babu komai. Sai da ka kira shi jahili, a falonsa, kofin shayinsa na hannunka. Da muka koma ɗakinmu na ce ka je ka ba shi haƙuri, ka ce sai dai rana ta ba shi. Shi ya sa na kwaso kayana da 'yata na dawo gida. Maganarsa har yau ɗaya ce: ka zo ka gaishe shi, ka ce ka yi kuskure, shi ke nan.

Lambarka kuwa na rufe ta ne ranar da ka turo min saƙo arba'in, kowanne yana bayanin cewa kai ne mai gaskiya.

Kwalin ita ta zaɓa da kanta, saboda tabaran. Amma ba zan ɓoye maka ba, ta hana ni sakat da tambaya. Jiya cewa ta yi daga nan zuwa rana nisa nawa. Na ce da nisa. Ta ce, "Mama, nisa nawa?" 

Faɗi abin da kake son yi in ji. Ban yi alkawari ba.

Ka huta lafiya.

Maman Lauya

Laraba

Maman Lauya,

Gaisuwa mai yawa, da godiya kan amsa, duk da rabinta faɗa ne. Na karanta ta sau uku, wurin warin gareji sau goma.

Ki natsu ki ji. Akwai wani littafi da na tsinta wurin mai tsofaffin littattafai, ba bango, shafi goman farko sun tafi. Sau shida na karance shi da ƙamus a gefe. Shi ya nuna min cewa duniyoyin nan ba girma ne da su ba, nisa ne da su. Abin da nake son Lauya ta gani ke nan da ƙafarta.

Na samo ƙwallon ƙafa na yi mata fenti ruwan ɗorawa. Ita ce rana, a ƙofar gidanku za a ajiye ta. In rana ta zama ƙwallo, to duniyarmu da duk hayaniyarta ba ta wuce ɗan boris ɗin cikin fedar keke ba. Boris kuwa kin san ba na rasawa, gwangwani guda gare ni, ƙanana da manya. Na zaɓi takwas, na manne kowanne a jikin ɗan allo da gam mai ƙarfi, kafin ki ce yara za su haɗiye.

Yau da hantsi na auna titinku. Ina tafe ina ƙirgawa, mai wanki da guga ya leƙo ya ce, "Lafiya, ko an fara ne?" Na ce kai dai kula da rigar mutane, tana ƙonewa. Ga abin da na samu. Ta farko taku goma sha biyu daga ƙofa, gindin turken lantarki. Zara ashirin da uku. Tamu talatin da ɗaya, daidai famfo. Ta huɗu, ja ɗin, arba'in da takwas. Daga nan sai a yi ta tafiya ba komai, ba komai, sai a taku ɗari da sittin da huɗu, bakin kemis, a tarar da Mushtari, babbarsu, ita ma ba ta fi ƙwallon dabino ba. Mai zobe tana ɗari uku, shagon aski, na yi mata zoben da waya. Ta bakwai ɗari shida da 'yan kai. Ta ƙarshe, shuɗiya, can cikin sanyi ita kaɗai, taku ɗari tara da hamsin.

Ikon Allah, daidai bakin shagona ta faɗo. Ba ni na tsara ba, lissafi ne.

Yara su sa hulunansu na 'yan sama jannati na kwali, su taso daga rana, kowane allo a sami babba ɗaya ya riƙe ya gaya musu sunanta. Ni zan riƙe ta ƙarshe. Zan share shagon, in kwashe tayoyi, in ajiye benci da lemo. Ban taka gidan kowa ba, ba wanda ya taka dokar Baba. Minti goma ya ishe ni, Maman Lauya. So nake in ɗaga ta in ji nauyinta.

Batun haƙuri kuma, ban ce kalmar ta yi daɗi ba. Amma in na ce na yi kuskure, zai ɗauka ranar ce ke zagayawa, in zama na yi ƙarya da girmana.

Ina sauraronki. A gaida yarinya.

Baban Lauya

Alhamis

Baban Lauya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mai Kek ta ce ƙwallo uku ka gwada kafin ka sami wadda lissafinta ya kai ka ƙofar shagonka. Ta ce ta farko a bakin gidan mai ta ajiye ka, ka yi tsaki ka jefar. Wannan shi ne ikon Allahn?

Duk da haka abin ya yi kyau, ba zan ƙi faɗa ba. Da na taso daga aiki na kama hannun Lauya muka gwada zuwa famfo. Kai ka ce talatin da ɗaya. Ita saba'in ta yi. Da ƙafarka ka auna, Baban Lauya. Ɗari tara da hamsin ɗinka sun haura dubu biyu a wurinta, ga tsallaka babban titi sau biyu, ga yara goma sha biyu, kowanne da kwali a ka, ba ya ganin gabansa sosai. Ba uwar da za ta yarda, ni ma ban yarda ba. A kemis za mu tsaya mu juyo a yanka kek.

Na karanta wa Baba takardarka, na tsallake batun haƙurin. Ya sa na maimaita wurin boris. Sai ya ce, "Wato duk su ke zagaya ta, ita tana zaune?" Na ce haka ka ce. Ya ce to shi zai riƙe ranar, a fito masa da kujerarsa ƙofar gida, kowa ya zagaye shi. Ka fahimci abin da ka fahimta, ni dai ban ƙara ko kalma ba.

Yaya ya karɓi Mushtari, wai ita ce daidai shi. Mai Kek ta ɗauki Zara, ni tamu, mai wanki ja ɗin. Saura ta farko ba mai riƙewa, ta gindin turke. Titi ne, ba wanda ya hana ka titi. Amma ba za ka tsaya taku goma sha biyu daga dattijo ka yi kamar ba ka gan shi ba, kuma ka san abin da yake jiran ji. In shuɗiyar ka fi so, ka zauna da ita a shagonka. Ba mai isowa.

Ban gaya wa Lauya komai ba. Ba na yi mata albishir da abin da ban tabbatar ba.

Sai na ji daga gare ka.

Maman Lauya

Juma'a da safe

Maman Lauya,

Ina gaisuwa. Wato tarko kuka ɗana min da kayana, ni na yi fenti, ni na yi lissafi, a ƙarshe ni za a gurfanar a gaban mai wanki da guga. Sannunku da dabara, ke da Baba. Mai Kek kuma daga yau ta nemi mai ɗaure mata birki.

Saba'in kika ce? Da na san ta, sai ta yi tamanin kafin ta kai nisa irin wannan. Ashe ƙafar ta ƙaru.

Ba na zuwa. Zan aiko da allunan.

Baban Lauya

Juma'a da la'asar

Maman Lauya,

Sallama. Ki yaga ta safe.

Ga ƙwallo da alluna huɗu nan wurin Mai Kek. Na gindin turke yana hannuna, ni zan kawo shi. Ƙarfe nawa ake fito wa Baba da kujera? Gara in zo kafin yara su taru. Na rubuta abin da zan ce masa, layi biyu ne, sau huɗu ina goge "amma" tana dawowa. Ki tsaya kusa. In kin ji na ɗauko ta, ki yi tari.

Na aske gemun da na tara tun tafiyarku, don ba da shi ta san ni ba. In ta fito ba ta gane ni nan take ba, kada ki ce mata komai. Ki bar ta ta duba. Zan jira.

Naku,
Baban Lauya