Ni na zaɓa wa abokina kayan kwamfutarsa, kuma da gangan na rage masa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, garin namu kowa ya san kowa. Shawara nake nema, kuma ina roƙo a karanta har ƙarshe kafin a fara zagina, duk da na san na cancanci zagin.

Ni ɗan Maiduguri ne, a Abbaganaram aka haife ni, iyayena daga Kano suka zo. Ina koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi, da yamma kuma ina ɗan gyare-gyaren laftof a gida. Ina da mata da 'ya ɗaya. Tun ina sakandare babu abin da nake so a duniya kamar in haɗa kwamfutar gem da hannuna, irin babbar nan mai akwatin gilashi da ake ganin cikinta, wadda kowane gem aka ɗora mata za ta ɗauka ba ta ko tari. Shekara da shekaru ina kallon bidiyon masu haɗawa, na san wane firosesa ne yake tafiya da wane mazabod, na san ram ɗin da ya dace, duk sabon girafik kad da ya fito sai na zauna na karanta shi kamar zan yi jarrabawa a kansa. Amma har yau wata tsohuwar laftof gare ni, wadda sai na kafa mata fanka a gefe kafin ta yi minti ashirin ba ta mutu ba.

Ina da aboki, bari in kira shi Bukar. Tare muka tashi, tare muke zuwa wani shagon gem a Bulabulin muna yara, kuma wallahi ni na koya masa riƙe fad ɗin buga gem. A gem ɗin ƙwallo sai in ba shi ci biyu kyauta kuma in cinye shi. Bukar mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, amma harkar kwamfuta bai san komai ba, ko wayarsa ce ta cika ni yake kawo wa. Shekarun baya Allah ya ba shi aiki a wata ƙungiyar agaji, ya gina gida a Maisandari, ya sa sola mai ƙarfi, wuta ba ta yankewa a gidan. Duk wannan bai taɓa damuna ba, har ni na raka shi sayen tayil.

Sati uku da suka wuce ya zo gidana bayan la'asar, muna zaune a kan tabarma ya ce, “Mutumina, ina so in haɗa irin kwamfutar nan da kake yawan ba ni labari. Ka rubuta min komai, mafi kyau a kowane ɓangare, kada ka duba tsada.” Na yi dariya na ce ma sha Allah. Mota ya saya ban ji komai ba, gida ya gina ban ji komai ba, amma wannan tawa ce, a bakina ya fara jin sunanta. Mutumin da yake kiran girafik kad “katin hoton nan”, shi ne zai mallake ta, ni kuma in koma gida in kunna wa laftof fanka.

Sati biyu ina ja masa rai, kullum in ce ina bincike, alhali da ido rufe zan iya rubuta jerin. Da na zauna rubutawa na sa masa firosesa mai kyau, mazabod mai kyau, ram isasshe. Da na zo kan girafik kad, wanda shi ne zuciyar abin gaba ɗaya, sai hannuna ya ƙi rubuta babban. Na rubuta na ƙasa da shi da mataki biyu. Wajen sanyaya firosesa kuma na sa masa ƙaramar fanka, alhali na san irin zafin garin nan idan bazara ta yi, na san kwamfutar za ta riƙa ɗaukar zafi tana rage gudu. Fawa saflai dai, wato abin da ke ba ta wuta, na sa mai kyau, don ban kai ga son ta ƙone ba, so nake kawai kada ta kai wadda nake mafarki. Da ya tambaye ni me ya sa ba babban kad ba, na ce masa babban ba ya jure zafin Borno, ana ta kuka da shi. Ƙarya ce, ni na ƙirƙire ta a wajen. Ya ce, “To ai shi ya sa na zo wurinka.”

Ya tura jerin wa wani mai sayar da kayan kwamfuta a Kano. Shekaranjiya Bukar ya kira ni yana dariya, wai sun yi faɗa da mutumin. Mutumin ya duba jerin ya ce masa wannan haɗin bai yi daidai ba, wanda ya rubuta ko dai bai san aikin ba, ko kuma ba ya ƙaunarsa. Bukar ya ce ya wanke shi tas, ya gaya masa wanda ya rubuta ya fi shi sani sau goma, kuma ɗan uwansa ne, idan ba zai kawo abin da aka rubuta ba a fasa cinikin. Har da Kanuri ya zage shi, mutumin bai ji ba. Yana ba ni labari yana jiran in taya shi dariya. Kafin ya kashe wayar ya ƙara da cewa ya sa kafinta ya yi tebur mai faɗi da kujera biyu, don ya san ba zai ji daɗin bugawa shi kaɗai ba.

Matata ta ga na kasa cin abinci, ta matsa min har na gaya mata. Ba mu ƙare da daɗi ba. Ta ce in kira shi a take, ni kuma don borin kunya na ce ai dama ita kullum cikin yabon gidan Bukar take, ta ce ita ba ta taɓa raina abin da nake da shi ba, ni ne na raina kaina har na ci amanar mutumin da ya ɗauke ni ɗan uwa. Tun jiya gaisuwa kawai muke yi.

Mai kayan ya ce ranar Asabar zai sa su a mota, kafin nan ana iya canja duk abin da ake so. Yau Laraba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, har yanzu da nake wannan rubutun, idan na tuna babban kad ɗin nan a ɗakin Bukar sai in ji zafi a raina. Na yi istigfari, na yi masa addu'ar alheri da bakina, abin bai tafi ba. Kuma ko yaya aka yi ni ne zan je in haɗa kwamfutar da hannuna, in ɗaure kowane noti, in kunna ta, sannan in hau keke napep in dawo gida.

Don Allah ku ba ni shawara. In ce masa na sake bincike na gano kuskure na yi, a gyara jerin shiru, in rufe ƙarya da wata ƙaryar? Ko in zaunar da shi in gaya masa gaskiya, cewa mutumin Kano da ya zaga saboda ni shi ne mai gaskiya? Idan na faɗa, ta yaya zan sake kallon idonsa? Kuma waɗanda suka taɓa jin irin wannan a kan wanda suke ƙauna, don Allah ku gaya min, yana fita daga zuciya kuwa, ko haka mutum yake zama da shi?