Na Buɗe Cikin Kwamfutarka, Abban Hanifa

Abban Hanifa,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba, babu mai keken da ya san hanyar inda kake. Amma na saba in gaya maka abu kafin kowa ya ji, kuma har yanzu ban iya daina ba.

Muna nan lafiya a Bagadaza. Hanifa ta fara haƙoran sama, tana cizon duk abin da ta samu. Mahaifiyarka Dada ta dawo ɗakin tsakar gida tun ranar sadakar bakwai, ta ce ba za ta bar ni in yi takaba ni kaɗai ba. Ƙafarta ta yi sauƙi. An rufe shagonka na Bolari, an kawo mini kwamfutarka a jakarta.

A kanta nake so in yi maka magana, kuma kunya nake ji.

Ka tuna katin bikin 'yar Hajiya Falmata, wadda ke sayar da turare a layinmu? Ka fara zana shi, ba ka gama ba. Matar nan ba ta ce mini komai ba, gaisuwa kawai take zuwa yi, amma biki yana matsowa, kuma na san ka yi mata alkawari. Na ce zan ƙarasa, tunda ni nake buga maka rubutu idan aiki ya yi maka yawa. Sai dai ka san halin kwamfutar. In kunna ta, in ɗora ruwan shayi, ya tafasa, ita ba ta gama tashi ba. In taɓa hoto ta sandare, cikinta yana ƙas-ƙas.

Sau nawa na ce maka na gani a waya cewa ba tsufa ba ne, had-diskin da ke ciki ne yake jan ƙafa, kuma akwai wata sabuwar ma'ajiya da ake kira SSD, mara komai mai juyawa a ciki? Ka yi dariya ka ce kwamfutar ta gama zamaninta, kada in sake in taɓa bayanta. Amma abin ya tsaya mini a rai.

Na roƙi Yaya Hauwa ta sayo mini SSD ɗin, ta kawo daga Tumfure tare da wayar da ake jona ta. Ranar Talata aka kawo wuta da hantsi. Na jona sabuwar a gefe, na sa manhajar kwafi ta ɗebe duk abin da ke cikin tsohon: tsarin da ke tayar da kwamfutar, ayyukanka, hotuna, komai. Na duba na sake dubawa don kada in juya abin, in shafe naka da hannuna. Na zauna ina kallon layin kwafin yana rarrafe a allo, ina addu'a kada a ɗauke wuta, don batirin ba ya riƙe caji. Sai bayan azahar ya kammala.

Na ɗauko ƙaramin sukundirebanka daga aljihun jakar. Na kwance notocin bayan kwamfutar, na zuba su a murfin kwano. Na zare tsohon, na sa sabuwar, na rufe. Da na kunna, baƙin allo kawai na gani. Na ce shi ke nan, na kashe abin da ka bari. Na sake buɗewa, ashe ban tura ta ta zauna sosai ba. Na danna ta, na mayar da murfi, na kunna.

Abban Hanifa, ban gama bisimilla ba, sai ta tashi. Ga sunanka, ga hotonka riƙe da Hanifa ranar suna, ga katin Hajiya Falmata inda ka tsaya.

Ka san me na yi? Ban yi kuka ba. Dariya na yi, da ƙarfi, har da tafi. Na nuna hotonka da yatsa na ce, “Ai na gaya maka!”

Da na ɗaga kai, Dada tana tsaye a bakin ƙofa da kofin kunun da ta kawo mini. Ta dube ni, ta dubi fuskarka a allo, ta dubi sukundireban a cinyata. Ta ajiye kofin a ƙasa ta juya.

Wace irin mace ce ke yi wa mijinta dariya ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Me ta ji a ranta, ita da ta haife ka? Da a ce kuskure ne na baki, da na ce shaiɗan ne. Amma daɗi na ji na gaske, daɗin na yi gaskiya kai ka yi kuskure, kuma kai ba ka da bakin ramawa. Wannan ne yake ƙona ni.

Kwanaki muna gaisawa kawai. Tana amsawa, tana cin abincina, tana goya Hanifa, amma ba ta haɗa ido da ni. Ni ma na kasa buɗe baki in ba ta haƙuri, don ban san da wace kalma zan fara ba.

Jiya da la'asar ta shigo ina aikin katin. Ta ɗauki tsohon had-diskin daga kan tebur tana juya shi, ta tambaye ni mene ne. Na ce a ciki aikinka ya zauna duk shekarun nan. Ta tambaya ko har yanzu yana ciki, na ce eh, ban goge komai ba. Ta ce zubarwa zan yi? Na ce a'a. Sai ta ƙulle shi a bakin mayafinta kamar yadda take ƙulle goro. A ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, “Tun yana yaro ba ya yarda an fi shi. Amma ba a gabana ba, Safiya.”

Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce Allah ya yafe mana duka, ta fita.

Na gama katin, Hajiya Falmata ta karɓa tana ta sa maka albarka, tana tsammanin kai ka ƙarasa shi kafin ka kwanta ciwo. Ban gyara mata ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, kullum na danna madannin kwamfutar ta tashi nan take, daɗin nan yana sake taso mini, sai fuskarka ta bayyana in sunkuyar da kai. Da kana nan da mun yi musu, ka ce sa'a na ci, in yi fushi, ka saya mini tsire a hanya. Wannan musun nake so, ba nasarar ba.

Ka yafe mini. Allah ya haskaka kabarinka, ya sa ka huta.

Matarka mai taurin kai,
Safiya