Saboda wasan ayari na sa abokina ya ɗauka ƙwaƙwalwarsa ta taɓu

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili da dukkan masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a bari in kai aya kafin a yanke mini hukunci, don ni ma na san ban kyauta ba.

Ni ma'aikacin ruwa ne a Tiga. Muna da wani wasa da muke yi bayan la'asar a gindin mangwaron ƙofar gidana, wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya mana kafin ya koma garinsu, muka raɗa masa suna wasan ayari. Mutum ɗaya ne madugu, shi yake ba da labarin hanya, sauran kowa da bafataken da yake wakilta a cikin ayarin, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Doka ɗaya ce: abin da madugu ya faɗa ya zauna. In ya ce rijiyar wani zango ta ƙafe, ba za a dawo a tarar da ruwa ba sai da dalili. Ni ne madugu tun farko, kuma ba yabon kai ba, ko sunan jakin wani ban taɓa mantawa ba. In gardama ta tashi ni ake juyowa, abin da na ce an faɗa shi ke nan.

Sai aka tura ni kwas Kano, na bar wa Buba riƙo. Buba abokina ne, Bafulatani daga wajen Falgore, malamin firamare. Gaskiya na zaɓe shi ne don na ɗauka ba zai iya ba. Ranar da na dawo, tun daga bakin titi nake jiyo shewa. Gindin mangwaro ya cika, har mai shayi ya bar teburinsa. Ga Buba a tsaye, ba shiri ba komai, yana kukan kura, yana muryar tsohuwa, yana jefa Fillanci jefi-jefi. Wani ya ce zai sayar wa ɓarayin daji takalminsa, abin da ni da tuni na ce ba ya yiwuwa, nan take Buba ya ƙirƙiro sarkin ɓarayi mai ƙatuwar ƙafa wanda bai taɓa samun takalmi daidai shi ba. Sale direba, wanda ya fi kowa daɗewa a wasan, ya share hawayen dariya ya ce, "Ashe haka wasan nan yake da daɗi!" A gabana fa. Ashe duk tsawon lokacin nan haƙuri suke yi da ni? Ni da nake tsara kowane zango da kowace kasuwa a kaina, sai wanda yake faɗin abin da ya zo bakinsa ne gwani? Ba wanda ya ce in karɓi kayana. Matsa mini aka yi a tabarma kamar baƙo.

Hassada ta ci ni, ba zan ɓoye ba. Wata rana Buba ya kawo ayari bakin kogi, ya ce ga mai fito nan da kwalekwalensa. Na ce, "Dakata, Malam Buba. Ba makon jiya ka ce wani kada ya cinye shi ba?" Wallahi ƙarya nake. Ya ce, "Ni? Yaushe?" Sale ya ce, "In ya ce ka faɗa, to ka faɗa. Shi ba ya mantuwa." Sai Buba ya ce ai fatalwar mai fiton ce ta zo karɓar kuɗin fito, wuri ya kaure da tafi. Kun ji fa, ƙaryata ma ado ta zame masa! Daga nan na ɗaura ɗamara. Ya ce gabas, in ce yamma ya faɗa. Ya ce raƙumi, in ce alfadari ne. Tun yana mayar da abin raha har ya fara in'ina, yana kallon fuskata kafin ya furta kowace magana. 'Yan kallo suka watse, aka mayar mini da madugancina, kuma na ji daɗi har raina.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne Buba ya yi sanƙarau bara lokacin zafi, da ƙyar ya tashi. Juma'ar nan bayan masallaci ya jingine kekensa a ƙofata, duk ya rame. Ya ce, "Aboki, ciwon nan bai bar ni ba, a kai ya zauna. Abin da zan iya rantsewa na faɗa, sai ka ce ba haka ba ne, kai kuwa ba ka ƙarya." Ashe ya daɗe yana shan rubutun mantuwa a ɓoye. Yanzu ko a aji sai ya tsaya da alli a hannu yana kokwanton abin da ya sani tun yana yaro. Ya ce zai ajiye aikin ya koma ruga, kada ya koya wa 'ya'yan mutane shirme. Ya kama hannuna ya ce, "Ranar Litinin ka raka ni wurin hedimasta ka shaida masa. Kai ka fi kowa ganin yadda nake ruɗewa."

Na ce masa to.

Jama'a, lafiyar Buba ƙalau, ni ne ciwonsa. In na faɗi gaskiya, maganata ta gama daraja a Tiga, kuma shi za a mayar wa wasan, abin kunyar ma shi ne har yanzu wannan na ƙarshen yana yi mini zafi. In na yi shiru, mutum mai mata da 'ya'ya zai bar aikinsa da shaidata. Ranar Litinin zai zo ya tsaya a ƙofata yana jirana. Me zan yi?