Gidan Waƙa a Bakin Rima

Birnin Kebbi, Afrilu

Zuwa ga matata Sa'ida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya mutanen Gulma? Allah ya ba ki ladan jinya.

Na gama zanen gidan waƙa da wasan kwaikwayon da za a gina a Argungu. Rufin kamar gorar masunta ce aka kife, bango mai kauri, kujeru hawa-hawa, yadda mawaƙi zai rera ba lasifika kuma na can baya ya ji har numfashinsa. Tun da na fara zanen gine-gine ban taɓa son wani aiki haka ba. Sai dai idanuna sun gaji, bayana ma ya riƙe. Gidan nan ba daɗi in ba kya ciki.

Naki,
Zainulabidin

Argungu, Yuli

Sa'idata,

Ina gaisuwa. Na ji Inna ta fara cin abinci, alhamdu lillahi.

Kwamitin masu ginin sun sake kirana. Shugabansu, Alhaji Labbo, gilashi yake so ta ko'ina, a kuma daidaita ƙasa don a riƙa bikin aure a ciki. Na yi bayani har muryata ta dishe, cewa gilashi yana watsa sauti. Daga ƙarshe na bar musu wannan.

Filin ne ya fi damuna. Sun matsar da shi cikin fadama don baƙi su riƙa hangen kogi. Ke da kika tashi a yankin nan kin san inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta. Mutum dubu za su zauna ƙarƙashin rufin nan, Sa'ida.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Zainulabidin

Birnin Kebbi, Satumba

Sa'ida, abar ƙaunata,

Da fatan kuna lafiya, kuma ruwa bai taɓa shinkafar Baba ba.

Rima ta cika, ta shanye ramin harsashin ginin, har yara na kama tarwaɗa a ciki. Na zaci magana ta ƙare. Sai ga Alhaji Labbo da kansa, wai in ruwa ya janye a ci gaba, ni dai in sa hannu cewa ƙasar za ta ɗauki ginin. Na ƙi. Ban ɗaga murya ba, ƙarfin hakan ma babu.

Sun ba wani mai zane aikin. Na roƙe su su cire sunana daga allon aikin da ke bakin hanya, sun cire. Jiya aka maido mini da ɗan samfurin ginin da na sassaƙa da katako, a cikin keke napep, rufinsa ya ɓalle a hanya. Yana nan bayan ƙofa, ban gyara ba.

Ina tafe ranar Juma'a. Kada ki gaya wa Baba tukuna, ni zan faɗa masa da bakina. Ki dai shimfiɗa mini tabarma a inuwa.

Naki har kullum,
Zainulabidin